Ranar da Na Mayar da Baro Mutum-mutumi

Ko zan manta da komai na aikin gwamnati, ba zan manta da wata Talata a Abuja ba. Lokacin ina ƙaramin lauya a wani ofishi (ba zan faɗi sunansa ba, har yanzu a can nake cin abinci). Ogana ya dawo daga taro a ƙasar waje da zazzaɓin mutum-mutumin nan mai taya da ke kai wa mutane saƙo har ƙofar gida. Ya ce in rubuta daftarin ƙa'ida, in fayyace mene ne shi a doka, wane ne kuma mai sarrafa shi.

Ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Amma na ce, "An gama, Oga."

Na kwaso ma'anar daga intanet, na ga ta yi tsawo, na datse ta. Cikin abin da na yar har da kalmomin "mai tuƙa kansa". Abin da ya rage: duk abu mai taya da ke ɗaukar kaya a hanyar masu tafiya da ƙafa. Mai sarrafawa kuma shi ne wanda ke ba da umarni daga nesa ta waya, kuma duk ɓarnar da aka yi a wuyansa take. Dole a yi rajista, a sa fitila da lamba.

Ranar jin ra'ayin jama'a, wato Talatar nan, na sha babbar riga, na karanta da Turanci, na fassara da Hausa (ba wanda ya roƙe ni, iyayi ne kawai). Sai wani dattijo ya ɗaga hannu, Baba Danjuma, shugaban masu turin baro daga Tungan Maje.

"Barista, baro na yana da taya, yana ɗaukan kaya, gefen titi muke bi. Shi ma mutum-mutumi ne?"

Na ce a'a. Ya ce in sake karantawa. Na karanta. Baro ne sak.

"To Madam Rifkatu da ke kira na a waya in kai mata doya, in na buge mutum ita za a kama?"

Ashe Madam ɗin tana zaune a baya. Ta miƙe tsaye. "Ni? Wa zai kama ni?"

Zauren ya fashe da dariya. Na juya wajen Oga neman ceto, sai na ji yana gaya wa na kusa da shi, a makirufo, cewa yaran yanzu ba sa nuna wa manya aiki. Alhali tun kafin taron shi da kansa ya sa hannu da jan biro a kowane shafi, wallahi.

An jingine daftarin, ƙarin girmana ya bi shi. Har yau masinjojin ofis in sun hango ni sai su ce, "Barista Baro ya iso."

Abin da na koya: kafin ka yi wa baƙon da bai iso ba doka, leƙa taga ka ga 'yan gida nawa za ta kama.