Dattijo, Ina Kan Akuya?

Wani ne a Wheaton ta Amurka, cikin mutanenmu na Filato, Allah ya jarrabce shi da son waƙa guda ɗaya. Asalinta tsohuwar waƙar Kirsimeti ce, ta makiyaya da mala'iku. Wasu marasa aikin yi a Kafanchan suka kwashe kalmominta suka bar karin, suka zuba labarin wani dattijon coci da aka ba ajiyar kan akuyar Kirsimeti. Amshin shi ne:

"Dattijo, ina kan akuya?
Ya tafi sama, ya bar mana ƙaho."

Ita ce ƙarar wayarsa. Ita yake rerawa a cunkoson hanyar 270, har cikin watan Yuli. Da baiti huɗu ya same ta, ya ƙara biyu na kansa, yana ganin ya yi wa adabi hidima.

Ana nan sai ya ga wata nas, Constance, cikin mawaƙan cocinsu na Largo. Nan take ya gano cewa shi ma yana da kiran yin waƙa a coci. Mama Olive, shugabar mawaƙa, ta ba shi baiti ɗaya na ainihin waƙar, layi huɗu kacal.

Ranar waƙoƙin Kirsimeti ya miƙe cikin kwat. Makiyaya suka fito lafiya. Mala'iku suka sauko lafiya. A layi na uku akuya ta shigo.

Constance ta rufe fuska da littafin waƙoƙi. Ya ce a ransa, ai ta kamu.

Da aka tashi Mama Olive ta kira shi gefe.

"Ɗana, Allah ya ba ka murya. Irin wannan murya sai fili. Daga yau kai ne mai nuna wa mutane wurin ajiye mota."

Duk da haka, da naci da kai abinci asibiti, ya samu Constance ta yarda ya je Germantown ya gaida mahaifinta, Baba Kambai, a fara maganar aure.

"Abu ɗaya nake roƙonka," in ji ta. "Kada ka yi waƙa a gidanmu. Kowace iri."

"Haba, ni yaro ne?"

Ya je, ya durƙusa, aka gaisa. Baba ya dube shi ta saman tabarau.

"Na ji an ce kana waƙa."

"Ana ɗan taɓawa, Baba."

"To, taɓa mu ji."

Ya auna: maganar yarinya daban, umarnin babba daban. Ya gyara murya. Ya yi baiti huɗu, ya ɗora nasa biyu, har da wanda dattijon ke lashe yatsu a bayan bagade. Ya kwaikwayi tafiyar mai ɓoye tukunya a cikin babbar riga. Mama, matar gidan, ta tashi da sauri ta shige kicin, ana jin kamar tari ya sarƙe ta.

Baba bai tafa ba.

"Ka san dattijon nan?"

"Wani tsohon makwaɗaici ne, Baba. An ce kunya ce ta kore shi ƙasar waje."

"Karatu ya zo yi. Kuma ɗanɗanawa ya yi, a ji ko gishiri ya kama."

"Har da idanun akuyar, Baba?"

Constance tana kallon silin.

"Shekara talatin," in ji Baba. "Na tsallake teku, na zauna lafiya. Da baiti huɗu na baro waƙar. Sauran biyun wa ya ƙara?"

"Ni ne, Baba. Amma ban san..."

"Ka yi ƙoƙari. Ga ƙofa can."

Ya kai bakin ƙofa, takalmi a hannu, ya juyo.

"Baba, to maganar Constance fa?"

"Ka sa ta a baiti na bakwai."