Yadda Na Haska Mai Gidan Hayarmu a Majigi

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na tsaya gaban ma'aikatan wani babban kanti a Suleja, cikin sabuwar shadda, ina kwaikwayon muryar matar da nake haya a gidanta, alhali wa'adin hayar ya kusa cika.

Wani Alhaji ne mai kantuna a Suleja da Madalla da Abuja ya ba kamfaninmu kwangilar sake fasalin manhajar da kashiyoyinsa da 'yan sito ke aiki da ita. Tsohuwar irin wadda sai ka yi ta danne-danne ce kafin ka sayar da sabulu ɗaya, in kuma mai saye ya fasa, sai an kira manaja, shi ma ya zo ya tsaya yana kallo. Aka naɗa ni jagoran aikin (an duba cancanta, an kuma duba cewa ni kaɗai ne a ofis nake kwana a Suleja).

To, a sana'armu akwai wata al'ada. Kafin ka zana komai sai ka ƙago mutum, ka ba shi suna da shekaru da halaye, don duk maɓallin da za ka sa ka tambayi kanka ko zai iya da shi. Mu kuwa muna bukatar mai sayen da ya fi kowa wahalar da kashiya. Littattafan sana'ar sun ce a tsinto halayen daga mutane da yawa a gauraya. Ni na ga wannan ɓata lokaci ne, tunda Allah ya tara min su duka a mutum ɗaya, kuma katanga ce kawai tsakaninmu.

Hajiya Lanti ke nan, mai gidan da muke haya a Kurmin Sarki. Tabarau mai igiya, lema a hannu ko da rana ko babu. Na sha ganinta da masu talla a ƙofar gida: ta matsa burodi kamar likita na duba ciki, ta zaɓi kaya, ta fasa rabi, ta dawo da rabin abin da ta fasa, sannan ta nemi gyara. Gidan nata kuwa ruwa na zuwa, ga shi kusa da titi, kuma a lokacin ta ce "za ta yi tunani" kan sabunta mana haya. Matata ta riga ta sanar da ni cewa in muka rasa gidan nan, in nemi wanda zai taya ni ɗaure kaya, ba ita ba.

Na zauna na rubuta Hajiya tsaf, na sauya mata suna zuwa Hajiya Lantana (iyakar ƙwarewata ke nan a ɓad da sawu). Grace, mai zanen ofishinmu, ta zana ta daga bayanina, har da lemar.

"Oga, kamar ka san matar nan fa," in ji ta.

"Zurfin bincike ne, Grace."

Ranar gabatar da aiki aka taru a saman benen kantin Suleja, Alhaji a gaba, ma'aikata a bayansa, ni kuma ina fuskantar su, ƙofa tana bayana. Grace na haska hoton a majigi sai ɗakin ya ɗauki gunaguni. Wata kashiya ta toshe baki da gyale. Wani ɗan sito ya sunkuya kafaɗunsa na rawa. Alhaji bai yi dariya ba, sai jan carbi da ya ƙara wa sauri, na ce a raina dattako ne irin na manya.

Mai hankali da nan zai tsaya ya tambayi kansa yadda aka yi mutane suka san matar da ba ta wanzu ba. Ni sai na ji kaina ya yi girma. Na sauko da tabarau ƙarshen hanci, na matsa burodin da babu shi, na maƙale murya na ce, "Yaron nan, cire wannan, zuciyata ba ta kwanta da shi ba."

Dariya ta ɓarke, sannan ta ɗauke ɗif kamar an ɗauke wuta. Kowa ya miƙe tsaye. Wallahi na ɗauka tafi za a yi min.

"Injiniya, ci gaba mana," in ji wata murya a bayana. "A burodi ka tsaya."

Na juya. Ga Hajiya, ga hoton Hajiya a bango, lema biyu a ɗaki ɗaya.

"Sannu da zuwa, Goggo," in ji Alhaji, yana ba ta kujerarsa. Ashe ƙanwar mahaifinsa ce, filin da kantin yake kai ma nata ne, kuma babu kashiyar da ba ta taɓa ɗanɗana kuɗarta a hannunta ba.

Ta zauna, ta gyara tabarau, ta ce Grace ta karanto mata abin da aka rubuta. Grace, wadda na ɗauka mutuniyata ce, ta karanta har da waƙafi.

"Tana yawan fasa kaya."

"Da kuɗina," in ji Hajiya.

"Tana neman gyara a kanti mai kwamfuta."

"Uban mai kantin ma ya ba ni gyara. Ci gaba."

"Shekaru, saba'in da biyu."

Hajiya ta cire tabaran, ta bar shi yana lilo.

"Wa ya ba ka wannan?"

"Hajiya, ai duk abin ƙage ne, al'adar aikin ce kawai..."

"A'a. Sauran duk gaskiya ne. Wannan ne ƙagen."

Nan take, a gaban jama'a, da hannuna na mayar da shi hamsin da biyar. (Alhaji da kansa ya haura hamsin, kuma ita ta yi goyonsa, amma babu wanda ya ga dacewar yin lissafi a lokacin.)

Manhajar dai ta karɓu. Babban maɓallin fasa kaya da muka sa a tsakiyar allo, har yau kashiyoyi "Goggo" suke kiran sa, a hankali, bayan sun waiga.

A ranar da abin ya faru, da la'asar, na ja matata muka shiga wurin Hajiya ban haƙuri. Hajiya ta bar ni a tsugune har ƙafata ta mutu, tana ta hira da matata kan tsadar tumatir. Can ta dube ni.

"Gida kam ku zauna. In na kore ka, wata unguwar za ka je ka yi ta ba da labarina inda ba na ji. Gara kana nan ina ganin ka."

Abin da na koya bai da yawa. In za ka ƙagi mutum, ƙage shi gaba ɗaya, daga hula har takalmi. In kuwa lalaci ya sa ka ɗauko na gaske, faɗi duk abin da ka ga dama a kansa, amma ka rage masa shekaru.