Ranar Da Na Zama Eriyar Banki

A reshen bankinmu na Birnin Gwari ni kaɗai na taɓa yin kwas ɗin kwamfuta, don haka da za a sayi na'urar da za ta haɗa mu da babbar kwamfutar hedikwata, ni manaja ya ba aikin tantance dillalai. Har babbar riga na sa.

Biyun farko na sallame su da tambayoyin da ni ma ban san amsarsu ba. Na ukun, Mista Yohanna, yana jona akwatin na'urarsa sai shafukan intanet suka shiga buɗewa a kwamfutata kamar walƙiya.

"Ranka ya daɗe, ita ce wannan," na ce wa manaja. "Ko a tsakiyar dajin Kamuku za ta yi aiki."

Mista Yohanna ya sosa ƙeya. "Yallaɓai, ai ban kunna ba tukuna."

Na yi masa murmushin masana, na ce irinsu da kansu suke tashi. Manaja ya zaro biro zai sa hannu aka kira azahar, na ɗauki wayata na fita. Ina barin ƙofa komai ya ɗauke. Ashe tun safe da datar wayata kwamfutar ke aiki.

An sake tantancewar ban da ni. Har yau in sabis ya ɗauke, sai Hajiya kashiya ta leƙo ta ce, "Malam Eriya, daure ka matso kusa da taga, mutane na jira."