Rasuwar Gwaggo, Motar da Ba Ta Ɓoye Ciwo

Da zuciya cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta, abokan sana'a, da duk wanda ya taɓa sa kafaɗa ya tura, rasuwar motarmu, wadda yara suke kira Gwaggo. Ta rasu a bakin aiki, da rana tsaka, a kan hanyar asibiti. Babu wanda ya san shekarunta na gaskiya. Takardunta sun faɗi wani abu, jikinta ya faɗi wani, wanda ya sayar mini da ita kuma ya rantse a kan wani daban.

Ni tela ne, kuma da kuɗin tela na same ta, don haka ba sai na ɓata muku lokaci wajen siffanta ta ba. Ƙofar baya ta hagu ba ta buɗuwa sai daga waje, ta dama kuma sai daga ciki. Fentinta ya daɗe da daina amsa sunan kala ɗaya. 'Yan fitilun nan na gaban direba, waɗanda aka ce su ke nuna ƙarancin mai ko zafin inji, sun riga ta rasuwa tun tana hannun mai ita na farko. Ban saye ta don ado ba. Saboda Auta na saye ta.

Auta ita ce 'yarmu ta ƙarshe, kuma tana da ciwon sikila. Wanda bai san ciwon nan ba, ya ƙara gode wa Allah. Yarinya tana wasa lafiya lau, kafin ka juya ta kwanta ta riƙe ƙafa, tana kukan da ba ya fita. Idan ya hau ƙirji kuwa, ba a jiran komai, sai asibiti, kuma asibitin da ya san ta yana can ƙarshen gari. Na san tsayuwa a bakin titi da yarinya a kafaɗa, ina ɗaga wa motoci hannu suna wucewa. Marigayiya ce ta raba ni da wannan tsayuwar. Takan ƙi tashi ranar kasuwa, takan ƙi ranar da za mu gaida surukai, kuma ban taɓa riƙe ta da wannan ba. Amma ban san ranar da aka kwantar da Auta a kujerar baya na murɗa makulli ta ba ni kunya ba.

Babban halinta, wanda nake so a shaide ta da shi, shi ne ba ta ɓoye ciwo. Dalilin sunanta ke nan. Ina da gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda idan ka ce mata ina kwana, sai ka nemi wurin zama, don daga gwiwa za ta faro har ta kai ka wuya. Haka marigayiya take. Idan baƙin mai ya yi ƙasa, sai ta fara tsik-tsik-tsik, kamar keken ɗinkin da ya kwana biyu ba a ɗiga masa mai ba, in tsaya in ɗauko galan a but in ba ta ta sha. Idan ruwa take so, fiiii, siririyar murya daga gaba. Idan birki ya kusa cinyewa, gurrr, tun da sauran lokaci, don mutum ya fara tanadi. Da safe kuma tana da tarinta, uhu, uhu, uhu, sannan ta kama. Duk gidan mun iya yarenta. Auta takan ɗago kai daga baya ta ce, “Baba, Gwaggo na jin ƙishirwa,” kuma ba ta taɓa kuskure ba. Har na manta rabona da in zaro sandar duba mai. Ina amfanin bincikar wadda take faɗa da bakinta?

Ciwon ajalinta ya shigo ne ta ƙofar alheri. Ƙanin matata, wanda yara suke kira Kawu, ya ara ta zai kai kaya wani gari. Mutum ne mai kunya, ba ya iya mayar da abin aro yadda ya karɓa. Da ya dawo sai ya biya da ita wurin wani abokinsa da ke shirya motoci a kasuwar motocin hannu kafin a sa su a layi. Ya kawo ta ƙofar gida tana sheƙi, ya kira mu duka muka fito.

“Yaya, na ga tana ba ka kunya a gaban mutane,” in ji shi. “To saurara ka ji.”

Ya murɗa makulli, muka kasa kunne, shiru. Ya nuna mini gwangwanin wani mai mai kauri kamar zuma da aka ɗura mata, ya nuna soson da aka manna a ƙarƙashin bonet, da salansar da aka ɗaure. Maman yara ta yi ta sa masa albarka. Ni kuwa washegari na tafi shago gilashi a sauke, ina tafiya a hankali don mutanen layi su ji cewa ba su jin komai. Mai yana nan yana tsiyaya yadda ya saba, ita an toshe mata baki, ni kuma ina jiran ta yi magana.

Ranar da abin ya faru, ina kan keken ɗinki maman yara ta kira ni. Muryarta kawai na ji na san ƙirji ne. Na iso na tarar Auta tana jan numfashi guntu-guntu, leɓenta ya canja kala. Muka kwantar da ita a baya, kanta a cinyar uwarta. Marigayiya ta tashi da murɗawa ɗaya, kamar kullum. Mun wuce kasuwa, mun hau doguwar hanyar nan da babu gida babu inuwa, sai na ji ƙwas. Sau ɗaya tak. Wannan ce maganarta ta ƙarshe. Sitiyari ya yi nauyi a hannuna, ta gangara gefen titi ta tsaya. Na murɗa, na sake murɗawa, na kira sunanta kamar mahaukaci. Daga kujerar baya maman yara tana cewa, “Baban Auta, tashe ta mana. Don Allah tashe ta.” Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba.

Wani direban motar bulo ne ya tsaya, Allah ya saka masa da alheri, ko fuskarsa ban riƙe ba. Ya sa uwa da 'ya a gaba, ni na hau kan bulo. Da muka isa, malamar jinya da ta saba da mu ta karɓi yarinyar da gudu, ta waiwayo ta ce, “Yau me ya tsayar da ku haka?” Auta ta yi kwanaki a can. Allah ya tashi kafaɗarta, yanzu tana gida.

Bakanike, wanda ya yi jinyar marigayiya tun zuwanta gidanmu, shi ya tabbatar da rasuwar. Ya zaro sandar duba mai ya nuna mini, a bushe ƙayau. Ya ce, “Maigida, injin ya buga. Wani injin ya fi ta kuɗi ita kanta, kuma shi ma na hannu ne, ba ka san abin da ya ƙunsa ba. Ka yi haƙuri kawai.” Da igiya aka jawo ta gida, aka aje ta inda ta saba kwana, daidai tagar ɗakin yara.

Ta rasu ta bar ni, da maman yara, da yara. Ta bar galan ɗinta da rabin mai a ciki, wanda da an tambaye shi da ya yi amfani. Ta bar dutsen da muke kara mata a taya idan an tsaya a gangare, da samarin layinmu waɗanda ta gina wa damatsa kyauta. Ta bar Bakanike, wanda da kuɗin jinyarta ya sake rufin ɗakinsa, kuma na ga alhini na gaskiya a idonsa. Ta bar Kawu, wanda tun ranar bai sake tako gidanmu ba. Ina faɗa a gaban jama'a cewa ba mu riƙe shi da komai ba, ya dawo, yara suna cigiyarsa.

Ba a gama makoki ba na fara neman wadda za ta gaje ta, don ciwon Auta ba ya jiran a gama makoki. Na je kasuwar motocin hannu da abin da na tara, wanda ko a aljihun gaba ba ya nuna kansa. Dillali ya tare ni tun daga bakin ƙofa. Shi kowa Alhaji ne a wurinsa har sai ya ji abin da ka zo da shi. Da ya ji nawa, sai na koma Malam, ya wuce da ni can layin baya kusa da katanga.

Motoci biyu ne kawai kuɗina zai iya kallo. Ta farko fara ce, tana ƙyalli, an fesa mata turare a ciki. “Wannan wata likita ce take hawanta,” in ji dillali, “daga gida sai wurin aiki. Tashe ta ka ji. Wallahi ba za ka ji komai ba.” Na tashe ta, ban ji komai ba. Na ɗora tafin hannu a kan bonet na ji ɗumi, alhali da safe ne, ba ta je ko'ina ba. Na taɓa ta kusa da ita, ita ma da ɗumi. Duk layin an riga an tashe su sun yi tarinsu sun gama kafin mai saye ya iso. A bayan rumfar dillalin kuma na hango tarin gwangwanaye, irin wanda Kawu ya nuna mini sak.

Ta biyu wata shuɗiya ce mai lotsattsen gefe, wadda aka kawo a ranar, ba a kai ga shirya ta ba. Ita tana magana, har da yawa. Tana da wani kar-kar a ƙasa, da wani huci idan an taka. Na tsaya ina saurare kamar baƙo a garin da bai iya yarensu ba. Ƙishirwa ce, ko tsufa ne kawai, ko ajali? Sai da na yi shekaru kafin na gane abin da Gwaggo take nufi da kowane sauti, kuma a kan hanyar kasuwa na koya, ba a kan hanyar asibiti ba.

Na koma da Bakanike ya duba su duka biyun. Ya leƙa, ya shinshina, ya shiga ƙarƙashi ya fito. Na ce, “To wacce?” Ya goge hannu ya ce, “Maigida, ni ƙarfe nake gani, ban san gaibu ba. A ba ni su su kwana a wurina in tashe su da sanyin safiya, sai in faɗa maka wani abu.” Dillali ya yi dariya ya ce motarsa ba ta kwana a waje sai an biya sadakinta. Tun ranar, da na rufe ido sai in ga doguwar hanyar nan, da farar mota ko shuɗiya a gefenta, ina murɗa makulli. Tsoro nake ji, jama'a, ba na ɓoyewa. Duk wadda na zaɓa, Auta ce za ta gwada mini ita.

Game da jana'iza. Mai sayen tsoffin ƙarafa ya zo ya ga gawa, mun daidaita, kuma sai an haɗa da abin da zai bayar kafin kuɗina ya kai na ɗaya daga cikin motocin nan biyu. Wato dole marigayiya ta bar ƙofar gida kafin wata ta zo. Za a ɗauke ta jibi da safe, bayan yara sun tafi makaranta. Masu son yin bankwana su zo a lokacin, kada su riga, kada su makara.

Ina roƙon masu zuwa ta'aziyya abu ɗaya: kada a yi mini ita a gaban Auta. Ba ta sani ba. Abin da ya faru a hanya ba ta riƙe shi sosai ba, a ganinta irin tsayawar da Gwaggo ta saba ce. Ranar da aka sallamo ta, kafin ta shiga gida sai da ta shafa ƙofar motar ta ce, “Gwaggo, sannu, kin huta?” Kullum kafin ta kwanta takan ɗaga labule ta leƙa, ta gan ta a wurinta, sannan ta yi barci. Jiya ta ce, “Baba, yaushe Bakanike zai zo ya tashe ta?” Na ce yana nan tafe.

Daga wurin ɗaukar gawa zan wuce kasuwa kai tsaye, kuɗin a hannu, kuma har yanzu ban san gaban wacce zan tsaya ba. Idan kun ga baƙuwar mota a ƙofar gidanmu kafin a taso daga makaranta, ku taya mu addu'a Allah ya sa mai gaskiya ce. Idan kuma kun wuce kun ga wurin wayam, to maƙwabta masu abin hawa, don girman Allah, ku bar wayoyinku a kunne.