Noti Biyu a Bikin Zulai

Ba zan taɓa mantawa da bikin Zulai ba, kuma ko na so in manta, matan garinmu Gammo ba za su bar ni ba. A shekarar da aka canza kuɗi aka yi shi, lokacin da mai akuya goma ke rasa na gishiri, damina biyu bayan rasuwar Yaya Tabawa, kaka ɗaya bayan katangarmu ta gabas ta faɗi. Ni ban yi boko ba, da haka nake riƙe shekaru, kuma ban taɓa ɓata ba. (Hauwa ce ke rubutawa, 'yata ta uku, malamar firamare a Kabo. Na ce kada ta gyara mini magana.)

Ni da Yaya Tabawa uwa ɗaya uba ɗaya muke. Daga Madadi har Gammo, idan za a sa amarya a lalle, ita ake kira ta yi waƙa, ni ina amshi. Shekara arba'in ina amshi. Da ciwo ya kwantar da ita, ta sa Hauwa ta kawo waya, ta rera waƙar lallen tun daga farko har ƙarshe da ɗan sauran numfashinta. Ta ce a ajiye wa jikarta Zulai, a sa mata ranar aurenta. Sannan ta dube ni ta ce amanar a hannuna take.

Bayan an yi arba'in, wayar Hauwa ta cika, ko hoto ba ta ɗauka. Ta ce idan an yi albashi za ta shiga Kano ta sayo wani abu wai shi hadis. Na ce hadisi kuma saye ake yi yanzu? Ta yi dariya, ta ce ɗan akwati ne kamar rumbu, ana juye murya da hotuna a ciki su daɗe. Da ta faɗi kuɗinsa sai da na ajiye mafici. Ya kai na tunkiya. A raina na ce 'yan boko ba su iya ciniki ba. Kuma idan maganar rumbu ce, ai an shigo fagena.

Ranar kasuwa na hau mota na tafi Gwarzo ban gaya mata ba. Na sami wani mai tebur a ƙarƙashin lema, yana sayar da caja da batir da ire-irensu. Na ce rumbun murya nake so. Ya gane nan take, ya ce Hajiya ta zo a sa'a, an yi ragi. (Ban je Makka ba, amma ban gyara masa ba.) Ya jera mini guda huɗu. Akwai wani ɗan siriri mai tsada, na ɗaga shi na ji shakwaf kamar ƙaiƙayi, na mayar. Ni da tun ina budurwa ake aikena zaɓen turmi da kabewa, na san abu mai ciki da nauyi ake gane shi. Na ɗauki wani baƙi, na auna a tafin hannu, na ƙwanƙwasa, na kai kunne. Ya yi nauyi, ya yi shiru. Mai tebur ya rantse zai ɗauke muryar duk mutanen Gwarzo har a sami sauran wuri. Na taya rabin abin da ya faɗa, ya sallama ba gardama. Da ina da wayo irin wanda nake taƙama da shi, a nan zan tsaya in yi tunani.

Hauwa ta juya shi a hannu, ta ce, “Inna, wannan arahar ta yi yawa.”

Na ce arahar ba ta yi yawa ba, uwarta ce ta iya kasuwa. Ta haɗa shi da kwamfutar da take aikin makaranta da ita, ta juye komai. Sunaye suka fito a jere, ta nuna mini na Yaya. Ta so ta bar wani a waya, ni na hana. Dalilin da na ba ta shi ne ba a zuba hatsi a rumbu kuma a bar shi a masussuka. Dalilin gaskiya kuwa, wuri nake so a wayar a ɗauki tawa muryar. Ai ni ma ina da tatsuniyoyi da labaran da, kuma na gaji da amshi. Haka ta goge ina tsaye a kanta.

Daga nan duk Asabar da hantsi sai in zauna a gindin darbejiya in yi ta zuba, Hauwa na ɗauka har da hotona mai motsi. Waya ta cika, a juye a rumbu, in naɗe shi a tsumma in kulle a adaka. Ana saura kwana uku biki ta ce in kawo a gwada. Na ce amana ba abin wasa ba ce da za a yi ta buɗewa.

Ranar lalle, bayan azahar, gidan Gambo ya cika da mata. Gambo ita ce babbar 'yar Yaya, uwar amarya. An ɗauko mai lasifika, wanda suke kira dije (ƙaton namiji ne da gemu, ban san wa ya raɗa masa sunan mata ba). Na sha sabon leshi. Na karɓi abin magana na yi jawabi, na faɗi yadda Yaya ta ba ni amana, da yadda na je Gwarzo da ƙafata, har kuɗin da na saya sai da na faɗa, don a san ni. Na kwance tsumma a hankali na miƙa.

Dije ya taɓa sunan Yaya. Shiru. Ya sake taɓawa, shiru. Ya gwada na biyu da na uku, ya ce sunaye ne kawai, babu komai a bayansu. Ni kuwa ban karaya ba. Na ce ya duba can ƙasa, ai abin da aka fara zubawa a rumbu shi ke gindi. Ni da bakina na ce ya sa na ƙarshe.

Ya sa. Sai ga muryata ta cika gidan har waje. Ƙarshen wata tatsuniya ce, na rufe ta, na ɗauka Hauwa ta kashe waya. Ashe ba ta kashe ba. Sai aka ji ni ina gyaran murya ina cewa:

“Allah ya jiƙan Yaya, murya kam an ba ta. Amma waƙar nan rabinta tawa ce. Baiti na uku ma ni na ƙirƙire shi a bakin rijiya, ta ɗauke ko na gode babu. Kuma a bar zancen, tuwonta duk gudaji ne.”

Kafin dije ya lalubo wurin kashewa, har dariyata an ji. Ban taɓa sanin haka dariyata take ba, kamar ta zabuwa.

Wata ta yi tari a bayan mayafi, irin tarin da ba na mura ba. Na dubi ƙasa ko za ta tsage, ta ƙi. Dije kuwa, don ya wanke kansa, ya ciro sukudireba ya buɗe cikin rumbun a gaban kowa. Ɗan wani abu ne ciki bai kai farce ba, sai noti biyu manya, irin na amalanke, an manne su da gam. Ya ce ɗan abin kaɗan yake ci, kuma idan ya cika sabo yake ɗorawa a kan tsoho ya shafe shi. Wato duk Asabar da na zauna a gindin darbejiya, muryata ke taka ta Yaya. Nauyin da na auna a Gwarzo, har na raina ɗan siriri saboda shi, nauyin noti ne.

Zulai na kuka a cikin lulluɓi, kuma ba kukan amare ba ne. Shekara biyu take jiran ta ji kakarta. Gambo ta tashi ta karɓi abin magana, ta sa mini a hannu, ba ta ɗaga murya ba.

“To Iya, tunda rabi taki ce, ga amarya.”

Na fara. Baiti na farko ya fita, na biyu ya fita da ƙyar. Da na iso na uku, wanda na ce nawa ne, sai kaina ya zama wayam. Shekara arba'in amshi na iya. Ina tsaye baki buɗe sai Ladi mai koko, ƙawar Yaya tun suna 'yan mata, ta ɗauko baitin tana zaune a kan tabarmarta, ba ta ko kalle ni ba. Asabe maƙwabciyarmu ta kama na huɗu, wata tsohuwa daga Madadi ta kawo na biyar. Ni na koma inda na saba, na yi amshi. Haka aka haɗa wa Zulai waƙarta cif, babu baitin da ya faɗi. Muryar Yaya ce dai ba a samu ba, kuma ba za a samu ba. Wannan ni na jawo, ba mai tebur kaɗai ba. Na roƙi Zulai gafara, ta yafe. Gambo sai da aka yi sunan ɗan farin Zulai kafin ta sake aiko mini da tuwo, kuma ta aiko da saƙon in duba ko akwai gudaji.

Abin da ke ba ni haushi, ni ce mai raba irin gero wuri uku duk kaka, wani a tulu, wani a rataye, wani a gidan maƙwabta, don kada gara ta cinye duka. Amma muryar 'yar'uwata na zuba wuri ɗaya, a cikin abin da na taya rabi aka sallama. Yanzu Hauwa ta sayo na gaske a Kano, da rasit. Ta tara tsofaffin nan ta ɗauki waƙar, ta ajiye a ciki, ta bar a waya, ta tura wa Zulai. Duk wata sai ta buɗe an saurara. Na ɗaga shi a hannu, shakwaf. Na mayar mata da abinta.

Cikin waɗanda suka yi waƙa ranar, Asabe ta rasu bara, ta Madadi ma an ce ta bi ta. Saura ni da Ladi, kuma har yau idan na je sayen koko sai ta tambaye ni ko in auna kofin tukuna. Mai tebur ban sake ganinsa ba. Notin nan biyu kuwa suna nan lafiya lau, su ke riƙe ƙofar akurkin kajina.