Rakiya Har Bakin Tasha

Ko zan manta komai na zaman da na yi a unguwar Bronx, can ƙasar waje, ba zan taɓa mantawa da ranar da na raka jami'ar duba gida ba.

Lasisin renon yara a gida nake nema, don na gaji da kitso a shagon mutane. Saura mataki ɗaya: a zo a ga ko gidana ya dace. Tun safe na kasa zama. Na goge ƙasa sau uku, na ɓoye wuƙaƙe, na toshe kowane soket, leƙen taga kuwa ba a magana (ko shayi ban iya sha ba).

Jami'ar ta zo, dattijuwa mai fara'a. Ta duba ko'ina, ta gaisa da maƙwabciyata da ta leƙo ganin ƙwaƙwaf, ta yi wasa da 'yan biyuna masu shekara biyu, ta ce komai ya yi. Daɗi ya kwashe ni. Tana miƙewa sai Turancin da malaminmu na Zariya ya dasa mana da bulala ya faɗo mini: "see off", wato ka taka wa baƙo har inda zai hau mota. A wurinsa, wanda bai yi haka ba bai da tarbiyya.

Na ce, "Madam, let me see you off."

Ta yi dariya, ta ce rabonta da jin wannan tun kakarta na da rai, kuma ba sai na wahala ba. To, a garinmu kowane baƙo haka yake cewa, ba a kuma saurarensa. Na karɓi jakarta (ƙwacewa na yi, gaskiya), na ja ƙofa, muka sauko hawa huɗu, muka bi titin Grand Concourse ina ta zuba, ina yabon kaina kan kula da yara.

Sai a bakin tashar jirgin ƙasa ta tambaye ni ko maƙwabciyar nan ce za ta riƙa taya ni aiki. Na ce a'a, ai tuni ta tafi kasuwa.

Ta tsaya cak. "To, wa ke tare da yaran?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na zura a guje, jakarta na hannuna, dole baiwar Allah ta biyo ni tana haki har hawa na huɗu. Mun tarar da su lafiya lau, sun shafe kujera da man kitso.

Lasisi dai sai bayan wata uku na same shi. Yanzu ko surukata ce ta zo, rakiya iyakarta bakin ƙofa, ƙafata ɗaya tana ciki.