Yadda Za Ka Kwashe Ƙuri'un Ƙauye Ba Tare Da Ka Gina Gadar Ba

Ɗan takara, kwantar da hankalinka. Ka bi matakan nan yadda suke, na yi maka alkawari, kuma ba irin naka ba: ƙuri'un ƙauyen nan na hayin rafi sun zama naka, ko buhun siminti ɗaya ba za ka saya ba.

1. Ka je da rani

Da damina rafin cika yake, ya raba mutanen da asibiti, ga shi motarka sabuwa ce. Da rani kuwa yashi ne zalla. Ka sauka tsakiyarsa, ka riƙe ƙugu, ka girgiza kai kamar yau ka fara jin labarin. Mai hoto ya san aikinsa.

2. Ka karɓi fartanya

Talaka na son ya ga babban mutum ya sunkuya. Amma ka tambaya a asirce wacce ce shuka, wacce ce ciyawa. Wanda ya riga ka zuwa ya nome wa wani tsoho albasarsa tas, yana murmushi.

3. Ka yi hattara da Ungozoma

Za ka gane ta: tsohuwa ce siririya, ita kaɗai ce ba ta tafi. Ana tsakiyar jawabi za ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, surukata na da ciki, haihuwarta tsakiyar damina za ta faɗo. Bara a kan ƙyauren ɗaki muka ɗauko wata mai naƙuda zuwa bakin ruwan nan, muka tsaya muna hangen rufin asibiti."

Kada ka kuskura ka tambayi yadda aka ƙare da waccan. Ka dafa ƙirji ka ce, "Baba, ai ke uwata ce."

"To, ɗana, uwarka gada take so."

Ka riga kowa dariya, ka ƙyafta wa makaɗa ido. Babu tambayar da ta fi ƙarfin ganga.

4. Ka aza harsashi

Bulo kaɗan, ƙyalle, almakashi, da allo mai ɗauke da sunanka da manyan baƙaƙe. Masana sun tabbatar cewa allo rabin gada ne. Ko ba komai, awaki sun samu inuwa.

5. Idan ka ci, za su zo kamun ƙafa

Za su biyo motar kasuwa, da wankakkun kaya da takalma masu ƙura. A ba su benci a baranda, sakatare ya ce mai gida yana taro. Yawancinsu yunwa za ta kora. Ungozoma kam za ta tare ka a bakin mota, don haka ka haddace kalmomi uku: kwamiti, kasafi, nazari.

"Ɗana, cikin nan bai san kwamiti ba. Hadari ya fara haɗuwa."

"Yana kan teburina, Baba."

"Cikin ko gadar?"

Ka sa a ba ta kalanda mai hotonka, ka ce ta gaishe da mai jiki, ka ɗaga gilashi.

6. Ka shirya saƙo biyu

Ruwa zai sauka, rafi zai cika, naƙuda za ta zo. Shugaba nagari ba ya bari a yi masa ba-zata: ka tanadi saƙon barka, ka tanadi na ta'aziyya, ka ba direba duka biyun. Ba zai iya tsallakawa ba, sai ya tsaya a wannan gaɓar ya ɗaga murya ya tambayi wanne zai karanta.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ta ɗauki alhakin komai ba: ba na ruwa ba, ba na rai ba, ba na abin da za a tambaye ka ranar da babu sakatare a ƙofa. Idan direba ya dawo ya kasa haɗa ido da kai, kada ka neme ni. Ka nemi wani direban.